Hannu Na Rawa, Baki Ya Ƙi Motsi

Sallama ga duk wanda wannan ya iso wayarsa. Da babban yatsan hagu nake bugawa, domin hannun dama ya yi ritaya bai sanar da ni ba. Boko kuwa a aji uku na ajiye shi, ranar da na lura yaran mota sun fi malaminmu cin nama. Saboda haka in kun ga kuskure ku raba shi biyu, rabi na jahilci, rabi na ciwo.

Sunana Hammadu, amma a Sintali, unguwarmu a Jalingo, in ba ka ce Bappa Tifa ba, babu mai nuna maka gidana. Ƙarfina duk a kan tifa ya ƙare, ina ɗebo yashi daga bakin kogi a Nukkai. Bafulatanin gari ne ni, irin wanda shanu suka ƙare tun zamanin kakansa, aka bar masa dogon hanci da kunya. Kunyar nan ce dalilin rubutun.

A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya zama hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi. Tawa ta fari mace ce. Ana yaye ta yayata Adda Nenne ta goya ta zuwa gidanta a Yelwa, can ta girma. Ni da uwarta Dudu "'yar Adda" muke ce mata, kuma a nan ma haka za ku gani. Kada wani ya zauna jiran suna.

Yarinyar ta yi karatu har ya wuce inda nake iya ba da labari. Ta bar ƙasar, tana aiki a ƙarƙashin wannan farfesa, in kwangila ta ƙare ta naɗe kaya ta koma ƙarƙashin wancan a wata ƙasa, kamar masu ƙaura da shanu. Har furfura ta fara leƙo mata tana wannan yawo. Ni abin da na sani kawai shi ne aikinta ya shafi ƙwaƙwalwa. In ta bugo waya da hoto, Dudu ce ke riƙewa, ita ma tana kallon gefe, ni kuma daga bayan labule in ce, "A gaishe su." A tambaya yaya jikin Baba, a ce ƙalau. Haka muka yi shekaru.

Ciwon da sanɗa ya shigo. Na fara daina jin ƙamshi. Dudu ta soya manshanu a gabana, na tambaye ta ko yau ba a girki. Ta yi fushi, ta ce raini ne. Daga nan bayan gida ya zama aikin yini. Sai wata rana ina zaune a garejin abokina Bulus, Mumuye ne bakanike da ya daɗe yana gyara min tifa yana zagina, ya kafe hannuna da ido.

"Bappa, hannunka tana rawa fa. Wane ganga take ji?"

Na duba. Babban yatsa da manuni suna murza juna kamar mai jan carbi, alhali babu carbi. Na ce shayi ne ya yi yawa.

"Shayi tana kama hannu ɗaya ne, ta bar ɗaya?"

Makon farko da na yarda na je asibiti, na samu layi tun daga bakin ƙofa. Na karɓi kati da hantsi, na ga likita bayan azahar. Yaro ne mai ladabi, gajiya har cikin idonsa. Ya ɗaura min abin awo ya ce jinina ya ɗan hau, ya rubuta magani. Ban ga laifinsa ba, domin da ya ce in miƙa hannu, hannun ya tsaya cak kamar ɗan makaranta gaban hedimasta. Halin ciwon ke nan, yana rawa in kana hutawa, ya nutsu in ka sa shi aiki. Ni ban san haka ba, kuma ban ba shi labarin ƙamshi da bayan gida ba, don ban ga haɗin hanci da hannu ba.

Mako na biyu da na uku na dangi ne. Wani ya ce girgizar tifa ce ta taru a jijiya, yanzu take fita. Adda Nenne ta ce iska ce ta bakin kogi, ta kawo hayaƙi. Hayaƙin ya kori sauro sarai, wannan kam na shaida. Matar Bulus ta aiko da man da aka yi wa addu'a a cocinsu, na shafa, don ba a mayar da alheri. Wani maƙwabci ya kawo garin magani a 'yar leda mai ƙyalli, ya ce yana sabunta jiki tun daga tushe, in na kawo mutum uku suka saya ni ma zan samu nawa kyauta. Ɗanɗanonsa kamar kunun tsamiya. Na sha har leda ta ƙare, aljihu ne kawai ya sabunta.

Watanni suka shige. Tafiyata ta koma ta hawainiya, ina jan ƙafa, taku ƙanana. Fuskata ta daskare, har jikokina suka ce Bappa ya daina dariya, alhali a ciki ina yi. Murya ta shige maƙogwaro. In na zo bakin ƙofa sai ƙafafu su manne da ƙasa kamar tifa ta kafe a laka. Duk wannan, in 'yar Adda ta bugo, daga bayan labule nake cewa a gaishe su.

Farkon damina na zame a makewayi da safe, na karya wuyan hannu, na fasa goshi. Ɗana Usmanu, ƙaninta, malamin firamare ne, shi ba ruwansa da kunyar kowa. Ya ɗauki hotona a gadon asibiti ya tura mata. Kafin mako ya zagayo ta sauka a Jalingo.

Ranar da aka sallame ni tana tsaye a tsakar gida. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa wa bishiyar mangwaro. Daga zaure zuwa ɗakina ba nisa, amma kafin in kai ta gama karanta ni. Na ji tana tambayar uwarta a hankali:

"Dada, tun yaushe wannan hannun ya daina lilo in yana tafiya?"

"Wa ya sani? Ni kallon hannunsa nake yi?"

"Yana jin ƙamshin abinci?"

Dudu ta ce, "To wa ya gaya miki wannan?"

Babu wanda ya gaya mata. Ciwon da ta kwashe rabin rayuwarta tana bincike a kai ke nan, ga shi ya shekara biyu yana cin tuwo a gidan ubanta, an sa masa labule.

Da unguwa ta ji Dakta ta zo, sai zaure ya cika. Mai basir, mai ciwon gwiwa, har da wadda akuyarta ta ƙi cin dusa. Ta yi ta ba su haƙuri cewa ita ba likitar duba mutane ba ce, ko allura ba a ba ta izinin yi ba. Bulus ya ce, "To wane irin dokita ne wannan, yarinyanka? Karatu ya yi yawa har ya wuce allura?" Ni ma a raina tambayar ke nan, amma ba ni da bakin yi.

Ita ta nemo likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na wata jiha, domin irinsu ba su da yawa. Tafiyar yini ce a mota, kowane rami na hanya ya gaisa da karayata. Can ma layi, sai dai layin nan na 'yan'uwana ne, kowa da irin rawarsa. Likitar mace ce. Ta sa na yi tafiya, na juyo, na buɗe yatsu na rufe, ta ja ni ta baya ta ga ko zan faɗi. Ta ce sunan ciwon Fakinsan. Akwai wasu ƙwayoyi a can cikin ƙwaƙwalwa masu samar da wani ruwa, dofamin, wanda shi ne kamar man giris na motsi, to su ne ke mutuwa a hankali. Ba ya warkewa, amma akwai maganin da ke rage shi. Na gode mata da ba ta yi min kwana-kwana ba.

Maganin ya yi aiki, ban ɓoye ba. Bayan shansa da kamar rabin awa sai jiki ya saki, in ɗaura maɓalli, in kai loma baki ba tare da na ciyar da riga ba. In ya kusa sakin mutum kuma sai a koma gidan jiya. Ga sharaɗi, ba a haɗa shi da nama ko wake ko nono, sai an ba da tazara. A ce Bafulatani ya duba agogo kafin ya sha nono! Samunsa ma aiki ne. Shagunan magani a gari yau akwai gobe babu, sai an yi saƙo wurin direbobi. Kuɗinsa ba zan faɗa ba, kada jinin wani ya hau a dalilina.

Makonnin da suka biyo 'yar Adda ta mai da gidan bariki. Ta zana layuka da toka a tsakar gida, ta ce in riƙa tsallake su ɗaya bayan ɗaya, wai ido yana taya ƙafa tuna aikinta. Abin mamaki, yana yi. Ta sa aka kafa ƙarfen riƙewa a makewayi. Duk umarnin ta bakin uwarta yake biyowa: "Dada, a ce wa Baba ya ɗaga ƙafa." Ni kuma in ce, "Dudu, a ce an ji." Muna tsaye mu uku, ko tabarma ɗaya ta ishe mu.

A bakin Bulus na fahimci aikinta, don shi yana tambaya ni ina kasa kunne. Ta ce ana ɗan yanko fatar mai ciwo kamar ƙwayar gero, a mayar da ƙwayoyinta jarirai, sannan a lallaɓa su su zama irin na ƙwaƙwalwa, a cikin faranti. A jikin kowace ƙwaya akwai rubutun gado. Ita tana iya canza harafi guda a rubutun, ta zuba ido ta ga ko shi ne ke kashe su. Kullum sai an ba su abinci, an canza musu ruwa, ba ruwansu da Lahadi ko Sallah. Yanzu wani abokin aikinta ne ke riƙe mata su.

Na ce wa mangwaro, "Ashe kiwo ne."

Na ga kafaɗarta ta motsa, dariya ce ta danne.

Adda Nenne ce ta fasa min ƙwai. Ta zo wata ranar Juma'a ta zauna kusa da ni ta ce, "Hammadu, kai dai ba ka tambayar komai. Ka san an ba yarinyar nan rugarta?" Wato bayan duk shekarun nan na kiwo a garken wasu, wata jami'a ta ba ta ɗakin bincike nata na kanta, da ma'aikata a ƙarƙashinta, ita ce shugaba. Irin kujerar da mutane da yawa ke tsufa ba su samu ba. Sun yarda su jira ta zuwa ƙarshen damina. In ba ta je ba, akwai na biyu a layi, kuma a shekarunta ba lalle a sake kiranta ba. Ita kuwa ta ce wa Adda ba inda za ta, ta riga ta yi nisa sau ɗaya ga abin da ya jawo.

Masara ta riga ta fara bunƙasa a bayan gida. Na ga lokaci na tafiya.

Dabarar da ta zo min ita ce in warke. Tun da na san lokacin da magani ke kan ganiyarsa, sai na riƙa fitowa daidai nan in yi fareti a gabanta, ina lilo da hannu kamar soja, in ɗauki buta in ajiye ba dalili. In ya sake ni sai in shige ɗaki in ce barci nake ji. Kwana biyu ina wannan, sai ta ce wa Bulus, "Baba Bulus, tambayi abokinka garuruwan da ke hanyar Wukari zuwa Jalingo, a jere." Direba a tambaye shi hanya? Na gyara zama. Wukari, Gindin Ɗorawa, Tella. Kafin in iso Mutum Biyu hannun da na danne a cinya ya ƙwace yana kaɗa kalangu. Ashe in hankali ya tafi wani wuri, ɓoyon ba ya yiwuwa. Bulus ya yi dariya har da tari.

"Kai da aji uku za ka cuci mai ƙwaƙwalwa a faranti?"

Ban daddara ba. Na ce tun da ƙwaya ɗaya na ba ni awa kaɗan, biyu za su ba ni yini. Jama'a, kada wanda ya gwada. Jikina ya kama murɗawa da kansa kamar macijin da aka taka, ga amai, na miƙe jiri ya kwashe ni. Muka koma asibiti, aka ƙara min ruwa, ma'aikaciyar jinya ta yi min faɗa kamar jikanta. Sakamakon wayona shi ne 'yar Adda ta karɓe maganin ta sa a jakarta, ta ƙara tabbata cewa ba a barin wannan tsohon shi kaɗai.

Sai na koma hanyar gado, na aiki Adda. Bayan la'asar muna tsakar gida ta ce, "Babanki ya ce a gaya miki ki koma bakin aikinki. Ga Usmanu, ga uwarki, ga ni."

Yarinyar tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Adda, ki gafarce ni. Tun ina yarinya saƙo nake karɓa. Saƙo ne ya ce min lafiyarsa ƙalau har ya fasa goshi. Wannan karon ba zan yi tafiya a kan saƙo ba. In maganar Baba ce, Baba na nan."

Dudu ta tashi ta shige madafa. Adda ta dube ni, ni kuma na dubi mangwaro, shi ma bai ce komai ba.

Na kwana uku ko huɗu ina juya abin. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce mene ne a ciki, buɗe baki ne kawai. Bulus ma haka ya ce: "Ni yarana duka ina kiransu, ina zaginsu, ba wanda ya mutu." Amma ubana bai taɓa duban yayana, ɗansa na fari, ya yi masa magana ba har ya koma ga Allah, kuma ba ƙi ba ne, mu a wurinmu nauyin son ne ya kai haka. Na gwada a ɗaki ni kaɗai, harshe ya manne kamar yadda ƙafa ke yi a bakin ƙofa. Wannan daskarewar kuwa babu ƙwayarta.

Ranar da abin ya faru ba shiri na yi ba. Da hantsi ne, an yi ruwa an ɗauke, 'yar Adda ta sake zana layukan toka. Dudu ta tafi gidan suna, babu tafinta. Yarinyar tana riƙe da gwiwar hannuna muna tsallakawa, sai ƙafa ta kafe a tsakiya. Muka tsaya. Idona na kan layin da ke gabana. Na ga dai layi ne, ita ta ce in ido ya ga layi ƙafa na iya tsallakawa.

Na ce, "Ke."

Na ji yatsunta sun ƙara ƙarfi a hannuna.

"Na'am, Baba."

"Ki tafi wurin shanunki. Ba a barin garke a hannun maƙwabci har kaka."

Kazar Dudu ta zo ta bi ta kan tokar ta wuce. Sannan 'yar Adda ta ce, "Na ji, Baba." Ta ja hanci. "To ɗaga ƙafar."

Na ɗaga.

Sauran makonnin na shiri ne. Ta koya wa Usmanu da uwarta lokutan magani, ta sa waya tana ƙara in lokaci ya yi, ta nuna wa Dudu yadda ake tayar da ni ba tare da an ja hannu ba. Jakar magani ta koma hannun Dudu, wadda ta fi kowane soja.

Da muka koma ganin likitar ƙwaƙwalwa kafin tafiyarta, na yi wata tambaya da ta daɗe a raina. A al'ada uba kan ba ɗansa karsana ya fara garke da ita, ni kuwa ko kaza ban ba wannan ba. Na ce wa likita, fatar nan da ake yanka, tawa za ta yi? Ta ce suna da shirin karɓa daga masu irin ciwona, domin yawancin ƙwayoyin da ake bincike da su a duniya ba na baƙar fata ba ne. Amma ta sa 'yar Adda ta fita waje tukuna, wai doka ba ta yarda mai bincike ya sa baki a kan danginsa ba. Ta yi min bayani da Hausa. Ba zai warkar da ni ba. Za a cire sunana a sa lamba. Za a ajiye a wani rumbu da masu bincike ke nema daga ciki, zai iya kaiwa hannun 'yata, zai iya zuwa wani wuri, kuma ko ya je gabanta ba za ta taɓa sanin nawa ba ne. Na ce a yanka. Ko zafin kaciya bai kai ba.

Ta tafi ana cin sabuwar masara. Kujerar ta same ta.

Ga masu karatu, abin da zan ce kaɗan ne. In hannu ɗaya na rawa kana zaune, ƙamshi ya ɓace, taku ya ƙanƙance, ka gaya wa likita duka a haɗe, kada ka zaɓar masa. Kada ka ƙara ƙwaya da ra'ayinka. Garin leda mai ƙyalli kuwa, gara ka sayi tsamiya ka dama da kanka. In kuma kana da ɗan fari a nesa, ban ce ka zubar da al'ada ba, amma ka riƙa fitowa daga bayan labule ya ga tafiyarka.

Ban warke ba, kuma ba zan warke ba. Akwai ranar da nake zuwa masallaci da ƙafata, akwai ranar da cokali ke fin ƙarfina. Na gode wa Allah, na gode wa Dudu da ke wanke abin da ba a faɗa, da Usmanu, da Adda da hayaƙinta, da Bulus da ke zuwa duk Asabar ya zage ni don kada in manta ni waye.

Yanzu in ta bugo ni ke riƙe wayar, da hagu. Ba ma doguwar magana. Takan ce in buɗe yatsu in rufe, in yi, ta ce to. Rannan ta juya wayar ta nuna min garken, wasu farantai a jere cikin wani akwati mai ɗumi, kowanne da lamba a jikinsa. Na duba da kyau ban gane kowa ba. Ita ma haka. Wataƙila ina ciki tana ba ni abinci kowace safiya, wataƙila ba na ciki. Na ce wa Bulus hakan ya yi daidai. Shekara arba'in da wani abu ban kira sunanta ba, yanzu ita ma ga ta da uba a faranti, ba ta da halin kiran nasa.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, na gida da na asibiti, Ya ƙara wa masu riƙe mu haƙuri. Waya ta yi ƙara, ga Dudu nan tafe da ruwa.